Tarakta, Tantan da Katafila: Sunayen Motocin da Yara Ke Ƙerawa

Abu ɗaya ne, amma sunansa uku a bakin mutanen Kaduna. Mai karanta labarai a rediyo zai ce motar noma. Malamin gona zai ce tarakta. Dattijon manomi a bayan Kawo ko Rigacikun zai ce tantan. Mu yaran da muka tashi a unguwannin arewacin kogi cikin shekarun 1980 mun riƙe duka ukun, muka kuma ƙara mata na huɗu, katafila, wanda ma ba nata ba ne.

Motar noma ba ta da wuyar sha'ani. Bayani ne aka mayar suna, irin na jirgin sama da gidan waya. Sai dai rabinsa aro ne, don kalmar Turancin da ta haifi mota injin kawai take nufi, abin da ke motsa na'ura. Bahaushe ya ɗauki sunan injin ya laƙaba wa ƙarfen gaba ɗaya, har da kujeru da tayoyi.

Tarakta ta fi daɗin tonawa. Hausa ba ta yarda baƙi biyu su haɗu a farkon kalma ba tare da wasali ya shiga tsakaninsu ba. Haka aka yi wa direba da tirela da burodi da firamare. Da Bature ya ce tractor, sai aka cusa wasali tsakanin t da r. Wasu suka sa a, wasu suka sa i, shi ya sa har gobe ana jin tarakta ana jin tirakta, kuma babu wanda ya yi kuskure. Ita kuwa r ta ƙarshe, Turawan Ingila ma ba sa furta ta, don haka ba a sha wahalar jefar da ita ba.

Da kalmar ta ƙare da a, hukuncinta ya tabbata: mace ce. Tarakta ta lalace, tarakta ta kafe. Jam'inta ya bi sawun motoci, ya zama taraktoci. Ban taɓa jin yaro ya ce taraktana ba, ko da bai fi shekara biyar ba. Taraktata zai ce, babu wanda ya koya masa.

Asalinta daga Latin ne, daga trahere, wato ja. Ma'anar sunan ke nan: mai ja. Babu gona a ciki, babu shuka, babu huɗa. Waɗanda suka raɗa sunan magajin doki suka gani, abin da za a ɗaura wa kaya ya ja. Kamfanin Hart-Parr na jihar Iowa a Amurka ne ya yayata kalmar a tallarsa a farkon ƙarni na 20, don doguwar jimlar da ake kiran injin da ita a lokacin ta yi wa talla nauyi. Larabawa ma a kan wannan ma'ana suka tsaya, suka ce jarrar, daga jarra, ya ja. Kada kamannin jarra da namu ja ya ruɗi kowa, haɗuwar hanya ce kawai.

Tantan fa? Wannan sunan kunne ne ya raɗa shi, a ganina. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohuwar tarakta an tayar da ita ba a sa giya ba, ya san abin da injin dizal ke faɗa. Yarabawa sun saurari injin nan su ma, suka ji katakata. Inji ɗaya, kunnuwa biyu.

A wurin wasa tantan ta fi sauran sunayen amfani. Mai tura ƙaramar mota da leɓe yake ƙara, ya ja sautin ya yi tsawo. Mai tura tarakta da harshe yake bugawa, tan-tan-tan-tan, a hankali, yana ƙara sauri idan ya zo hawa tudun yashi. Ashe duk tsawon wasan sunanta yake kira.

Wani abin dariya: bututun hayaƙin da ke tsaye a goshin tarakta, inda duk wannan ƙara ke fitowa, salansa ake ce masa. A Turanci ma'anarsa mai sa shiru. Hausa ta karɓi kalmar ta watsar da alkawarin da ke cikinta.

Katafila ce ta fi kowa doguwar tafiya. A 1904, a Stockton ta jihar Kalifoniya, Benjamin Holt ya gwada inji mai tafiya a kan sarƙa maimakon taya, saboda ƙasar yankin tana da laushi, manyan injuna nutsewa suke yi. Tafiyar sarƙar ta yi kama da ta tsutsar nan mai cin ganye, wadda Turawa ke kira caterpillar, sai sunan ya bi injin. A 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na C. L. Best, aka sami kamfanin Caterpillar. Ita kuma kalmar tsutsar, masana sun bi ta har tsohon Faransanci, inda take nufin kyanwa mai gashi. Daga kyanwa zuwa tsutsa, daga tsutsa zuwa sunan kamfani, daga nan ta faɗo Hausa, p ta koma f, ta zama abin da ke ture gini.

Da ta zo hannunmu sai ta yi faɗi. Duk wani ƙaton ƙarfe mai ruwan ɗorawa katafila ne, ko da Komatsu ta Japan ce ta ƙera shi, yadda kowane garin sabulu ya zama Omo, kowane ɗunƙule ya zama Maggi. Masu aikin hanya suna bambance gireda da buldoza. Mu ba ruwanmu. A lokacinmu katafila aikin hanya take tuna wa yaro. Yaron Kaduna na yau da ya ji sunan, rusau zai fara faɗo masa.

Tamu katafilar kwarkwaron zare ce. A je shagon tela a roƙo wanda zarensa ya ƙare, na katako ya fi. A sa reza a yi wa bakinsa biyu haƙora. A zura kyauron roba ta cikin ramin, a tare gefe ɗaya da guntun ashana. A ɗaya gefen a sa yankakken kyandir mai huji a tsakiya, sannan dogon tsinken tsintsiya. A yi ta murɗa tsinken har robar ta ɗaure, a ajiye a ƙasa. Sai ta fara rarrafe, a hankali, tana jan tsinken a baya, ta hau littafi, ta hau takalmi, ta sauka. Kyandir ɗin ne sirrin: shi ke hana robar warwarewa lokaci ɗaya. In ya yi santsi da yawa ta yi tsalle ta mutu, in ya bushe ta ƙi motsi. Yaran Ingila ma suna yin irinta, wasu su kira ta tankar yaƙi, wasu tarakta. Ba su yi nisa da juna ba, don injin Holt yana cikin abubuwan da aka duba lokacin ƙera tankokin farko a yaƙin duniya na ɗaya.

Hausa ba ta da kalma guda ta kayan wasan yara. Abin wasa muke cewa, ko kayan wasa, sai 'yartsana da ta sami nata sunan. Amma akwai ƙa'ida mai ƙarfi da yara ke bi ba tare da sun sani ba: mota da sunan abin da aka yi ta da shi ake kiranta. Motar kara, motar gwangwani, motar waya, motar langa-langa. Ba a fara tambayar wace iri ce. Ana fara tambayar da me aka yi ta. Wannan tambayar maƙeri ce, ba ta mai saye ba.

Kuma ƙerawa muke cewa. Ba yi ba, ba haɗawa ba. Aikatau ɗin maƙera ne, masu zuga-zugi da uwar maƙera, waɗanda wata unguwa a ƙetaren kogi kusa da Kakuri ke ɗauke da sunansu. Yaro ɗan shekara takwas da kara a hannu ya ari kalmar ba kunya ba tsoron Allah.

Motar kara ta kaka ce, bayan an girbe dawa a gonakin bakin gari. Ana zaɓen sille, saman karan nan mai tsawo marar gaɓa. Da haƙori ake ɓare bayansa, a fitar da shi siri-siri, a bar totuwar ciki fara tas. Totuwa ita ce katako, ɓawon shi ne ƙusa. A yanka ɓawon da tsini, a soke totuwa biyu a haɗa su. Babu gam, babu zare. Ɓawon kara kaifi ne da shi, kuma yankansa ba ya zubar da jini da yawa, zafi ne kawai da ke tashi idan an zo alwala. Motar ba ta da nauyi ko kaɗan, iskar hunturu tana iya kifar da ita, kuma akuya na iya cinye ta in aka bar ta a zaure.

Langa-langa ta fi daraja. Siririn ƙarfen nan ne da ake ɗaure dila da shi, dilar auduga ko ta atamfa ko ta gwanjo. Kaduna kuwa garin diloli ne: a 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, wasu suka biyo baya, kuma a babbar kasuwa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi, kullum ana fasa dila ana yar da ɗaurin. Sunan kansa yana lanƙwasa a baki kamar yadda ƙarfen ke yi a hannu. Kada a haɗa shi da langa, wasan tsalle da ƙafa ɗaya, wannan daban.

Langa-langa tana da wani aikin da duk ɗan firamare ya sani. Ita ce ake wasawa a lanƙwasa bakinta a sare ciyawar filin makaranta. Ƙarfe ɗaya, da safe kayan horo, da yamma kayan wasa. In ana neman kayan aikin gona na gaske da yaron birni ya fara riƙewa, ita ce, ba fartanya ba.

Yaya ake gane tarakta a cikin motocin yara? Taya. Na baya manya, na gaba ƙanana, shi ke nan. Na baya daga marfin gwangwanin Bournvita ko tsohon silifa da aka yanka da'ira, na gaba daga marfin kwalba. A kafa guntun kara a gaba ya zama salansa. Ba ta buƙatar ƙofa ko gilashi ko rufi, shi ya sa ƙananan yara da ita suke farawa kafin su kai ga tifa ko tirela. Gwanaye kan sa mata dogon sitiyari na waya, ta yadda za a tuƙa ta a tsaye, tayoyin gaba suna juyawa da gaske.

Mai mota shi ne direba. Ƙanensa karen mota ne, aikinsa ɗebo yashi da tura ta in ta kafe. Ladansa kalma ɗaya ce da ban san kamarta ba wajen taƙaita roƙo: ɗani. "Yaya, ba ni ɗani." Ba aro ba ne, don ba za a tafi da ita gida ba. Ba kyauta ba ce. Zagaye ɗaya ne, daga nan zuwa bakin kwata a dawo, mai ita yana kallo.

Akwai kuma wadda ba a ƙera ba. Ita sunanta 'yar kanti, wato an kira ta da wurin da aka sayo ta. Kanti daga canteen ne, sunan da ake kiran shagunan kamfanonin Turawa. A Kaduna a lokacinmu Leventis ne a kan titin Ahmadu Bello, wanda wurin ke amsa sunansa har yanzu. Cikin irin waɗannan ƙananan motocin ƙarfe akwai Matchbox na Ingila, da aka fara a 1953, sunansu yana nufin kwalin ashana saboda girmansu ke nan. Ashana kuma, tun da mun zo kanta, daga Yarabanci muka aro ta.

'Yar kanti tana da kyau amma ba ta da biyayya. Tayarta ƙarama ce, ba ta tafiya a yashi, kuma in ta karye ba a gyarawa. Abin da ta koya mana shi ne launi: ja Massey Ferguson, shuɗi Ford, kore John Deere. A gonakinmu ja ta fi yawa, har yaro kan ɗauka tarakta ja ce a halitta.

A ina yaron Unguwar Kanawa ko Badarawa yake ganin ta gaske? A kan hanyar Zariya, tana tafiya a gefen titi da tirela cike da buhuna, motoci suna wuce ta. A wajen Mando, inda kwalejin aikin gona take. A bikin baje koli na duniya, wanda aka fara a 1979, lokacin a dandalin Murtala ake yi, inda ake jera sababbi fil ana barin yara su taɓa taya. Zamanin ma na tarakta ne. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari ta kawo nata juyin noman a 1980, ana haɗa Steyr a Bauchi, ana haɗa Fiat a Kano. Amma ƙaramin manomi bai mallake ta ba. Hayarta yake yi, in layi ya zo kansa kafin damina ta yi nisa. Haya ma kalmar Turanci ce da ta zauna har ta manta gida.

To, ga inda lamarin ya fi ba ni sha'awa. Tarakta mai ja ce, amma me take ja? A wasanmu muna ɗaura mata lanƙwasasshen cokali ko marfin gwangwani a baya don ya tsaga ƙasa. Wannan abin ba mu taɓa neman masa sunan Turanci ba. Garma ce.

Garma ta girmi injin nesa ba kusa ba. Ita ce babbar fartanyar huɗa mai faɗin ruwa, wadda ƙato ke kamawa da hannu biyu. Mutanen Sakkwato da Katsina kan ce galma, kamar yadda suke cewa halshe inda Bakano ke cewa harshe. Da ma'aikatar gona ta Turawa ta kawo noma da shanu a ƙarshen shekarun 1920, ƙarfen da aka fi yaɗawa sunansa Emcot, gajarcen sunan hukumar noman auduga ta daular Ingila, wadda ke da gona a Daudawa. Manomi ya dubi Emcot ya ga aikin da take yi, ya ce garmar shanu. Da tarakta ta zo, abin da ke bayanta ya zama garmar tarakta. Mai jan ya canza sau biyu, daga mutum zuwa sa zuwa inji, sunan abin da ke shiga ƙasa bai motsa ba.

Lura da ruwa a nan. Ƙarfen garma ruwa ne, kamar ruwan wuƙa da ruwan gatari, icen kuma ƙota. Wanda bai san wannan ba, in ya ji an ce ruwan fartanya ya fita, zai nemi tsumma.

Ba zan ɓoye masu ƙaryata ni ba. Haro ya shigo, rija ta shigo. Manomi yau zai ce an yi wa gona haro, saura rija. Faya-fayan ƙarfen nan masu farfasa hoge ba su da kaka a Hausa, dole aka karɓe su da sunansu. Sai dai rija, duk Turancinta, huɗa take yi, kuma abin da take bari a baya kunya ne. Kunyar gona, ba ta surukai ba. A rubuce ɗaya suke, a baki karin sauti ya raba su: ta gona sama take ƙarewa, ta surukai ƙasa.

In aka jera kayan aiki biyu-biyu, tarihin garin yana fitowa. Fartanya, hauya, sungumi, lauje, magirbi, masassabi: babu na aro daga Turanci, wasu ma sunan aikinsu ne a jikinsu, magirbi na girbi, masassabi na sassabe. Diga, shebur, baro: duka na aro, duka kayan lebura ne, sun zo da aikin hanya da na dogo. Kaduna kuwa dogo da bariki ne suka haife ta. Layin farko da ya isa Kano a 1911 daga wani gari mai suna Baro ya taso, a bakin Kwara, amma babu dangantaka tsakaninsa da baron tura yashi, ko da yake na so a ce akwai.

Amalanke ta bi wata hanyar. Daga Yarabanci ta zo, keken tura kaya ce ta kasuwa, sannan aka ɗaura wa shanu ita ta koma ƙauye. Muna yin ta da gwangwanin kifi, mu ɗaura a bayan tarakta. In ta yi tsawo a ce tirela, in gajeriya ce amalanke.

Ana yi wa noma kirari da na-duƙe. Ina jin abin da ya ja hankalin yara ga tarakta ke nan tun farko: ga noma amma a zaune, a kan kujera, sama da kowa. Wani kawunmu da ya zo daga ƙauye ya tarar da mu muna huɗar yashi a ƙofar gida, ya tsaya ya duba, ya ce, "Kai, 'yan nema, wannan noman naku babu ciwon baya. In damina ta faɗi ku zo in ba ku ta gaske." Garma yake nufi. Babu wanda ya amsa.

Wasu daga cikin gwanayen langa-langa ba su daina ba. Wanda ya shiga kasuwar Panteka, kusa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, zai ga manya suna yanka tsohon ƙarfe suna fitar da injin markaɗe da injin sussukar masara. A can ma ƙa'idar suna ta Hausa ce: inji, sai aikin da yake yi.

Yanzu kasuwa cike take da taraktocin Chana, da garmarsu da tirelarsu a cikin leda. Sunayen sun ɗan karkata: mai batir, mai rimot, wato abin da ke tafiyar da ita ake faɗa. Amma marar batir ɗin tana nan a kan tsohuwar ƙa'ida, motar roba. Roba kuwa kalma ce da ta fi katafila haɗama. Ta fara da danƙon taya, ta haɗiye kyauron da muke murɗawa a kwarkwaro, ta haɗiye bokiti da kwanon cin abinci da kujerar biki, har ta kai mai shago kan tambayi mai saye wace robar yake nufi.